Ɗan Wasa Na Wane Ne? Tarihin Riƙo da Sayarwa, Daga Boston Zuwa Ƙofar Mata

Da zarar an rufe kakar wasa, muhawara ɗaya ce take tashi a gidajen kallon ƙwallo na Dutsin-Ma da Kurfi, da kuma kan bencin masu shayi: ɗan wasan da ya yi tashe a bana, me ya kamata ƙungiyarsa ta yi da shi? Wasu su ce a bar shi ya ƙarasa kwantiraginsa, wasu su ce a yi maza a tsawaita masa kafin wata ƙungiya ta yi wuf da shi, wasu kuma su ce a sayar tun kasuwarsa tana ci. Galibi a kan 'yan wasan Arsenal da Real Madrid da Barcelona ake wannan ja-in-ja. Amma tambayar tana gaban Katsina United da Kano Pillars a kowace shekara, kuma amsarta tana shafar yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a filin firamare, wanda wata rana wani zai zo wa mahaifinsa da takarda ya ce ya sa hannu.

Mutumin karkara ba baƙon irin wannan lissafi ba ne. Wanda ya turke sa ya san akwai ranar da dabba take kai ƙarshen ƙibarta, ya san dusa da harawar da za ta ci bayan wannan rana asara ce, ya kuma san farashin kara kafin babbar salla daban yake da na bayanta. Masu ƙungiyoyin wasa sun shafe kusan shekara ɗari suna yin wannan lissafi a kan 'yan adam, ba tare da sun tambayi ra'ayinsu ba. Yadda ɗan wasa ya fita daga turke har ya zama mai bakin magana a cinikin kansa shi ne ya haifar da zaɓi ukun da muke gardama a kansu yau. Shi ne kuma zai nuna mana dalilin da ya sa ƙungiyoyinmu na Arewa ba safai suke samun damar yin zaɓin ba.

Inda aka fara ɗaure igiyar

A Amurka aka fara, a wasan besbol. Wasa ne na jifa da bugu da kulki, mutum tara-tara a kowane ɓangare, huɗu daga cikin masu tsaro suna tsayawa a cikin fili kusa da tasoshin da mai gudu yake takawa. A shekarar 1879 masu ƙungiyoyin babbar gasar ƙasar suka ga albashi yana hauhawa saboda 'yan wasa suna tsallakawa zuwa ga wanda ya fi biya. Sai suka yi yarjejeniya a tsakaninsu: kowace ƙungiya ta keɓe mutum biyar da babu wadda za ta taɓa. Cikin 'yan shekaru wannan sharaɗi ya game kowane ɗan wasa. Ko kwantiragi ya ƙare, ƙungiya tana da ikon sabunta shi da kanta, ɗan wasa kuwa ko ya karɓi abin da aka yanka masa ko ya bar sana'ar.

Ingila ta bi sahu a ƙwallon ƙafa a 1893. Duk wanda ƙungiya ta yi wa rajista ba shi da ikon buga wa wata sai da izininta, ko da ta daina saka shi a wasa. Daga nan kuɗin sayen ɗan wasa ya samo asali, domin izinin nan ake saya. A 1905 Middlesbrough ta biya Sunderland fam 1,000 a kan Alf Common, aka yi ta mamaki da tir, ana cewa ƙwallo ta koma kasuwa.

A ƙarƙashin wannan tsari babu zancen tsawaita kwantiragi, tunda ɗan wasa ba shi da inda za shi. Zaɓi biyu ne kawai: a riƙe ko a sayar. Cinikin da ya fi kowanne suna a wancan zamani shi ne na Babe Ruth. A watan Disamba na 1919 Harry Frazee, mai ƙungiyar Boston Red Sox, ya sayar da shi ga New York Yankees a kan dala 100,000. Boston ta ci kofin ƙasa a 1918 tare da Ruth. Bayan tafiyarsa ba ta sake ɗaga shi ba sai bayan shekara 86, yayin da Yankees, wadda ba ta taɓa cin kofin ba kafin zuwansa, ta fara a 1923 ta zama ƙungiya mafi tarin kofuna a tarihin wasan. Magoya bayan Boston sun gaji wannan takaici kaka da kakanni, har suka riƙa kiransa baki.

Waɗanda suka tsinka ta

Mutum uku ne suka fi shan wuya wajen kwance wannan ɗauri, kuma babu wanda ya ci ribar da 'yan baya suka ci.

Na farko George Eastham na Newcastle United. Ya nemi a sake shi, ƙungiyar ta ƙi, ya ƙaurace wa wasa har aka sayar da shi ga Arsenal a 1960. Duk da haka bai janye ƙararsa ba, kuma a 1963 kotu ta yanke cewa riƙe ɗan wasa bayan ƙarewar kwantiraginsa tauye masa hanyar neman abinci ne.

Na biyu Curt Flood, baƙar fata, wanda ya yi wa St. Louis Cardinals wasa shekara goma sha biyu. A watan Oktoba na 1969 aka yi musayarsa zuwa Philadelphia ba tare da shawara da shi ba. Ya ƙi tafiya. Ya rubuta wa shugaban hukumar besbol, Bowie Kuhn, cewa shi ba kaya ba ne da za a saya a sayar ba da son ransa ba. Shari'ar ta kai Kotun Ƙolin Amurka, inda a 1972 alƙalai biyar suka ƙi goyon bayansa, uku suka goya masa. Ya rasa shari'ar, ya rasa sana'arsa. Amma bango ya riga ya tsage. A watan Disamba na 1975 wani mai sasanci, Peter Seitz, ya yanke cewa Andy Messersmith da Dave McNally, waɗanda suka buga kaka guda ba tare da sa hannu a sabon kwantiragi ba, sun zama masu 'yancin kansu.

Na uku Jean-Marc Bosman na Beljiyam. Kwantiraginsa da ƙungiyar Liège ya ƙare a 1990, ya samu gurbi a Dunkerque ta Faransa, cinikin ya wargaje a kan kuɗi, ƙungiyarsa kuma ta zaftare masa albashi. Ranar 15 ga Disamba 1995 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana da ikon komawa wata ƙungiya a cikin tarayyar ba tare da an biya ko sisi ba.

Wannan hukunci ya sauya abin da ƙungiya take mallaka. Daga ranar, dukiyarta ita ce shekarun da suka rage a takarda. Ɗan wasa mai sauran shekara huɗu yana da tsada, domin mai so dole ya lallashi ƙungiyarsa. Mai sauran shekara ɗaya farashinsa ya faɗi, domin mai saye yana iya jira. Mai sauran wata shida kuwa yana iya fara tattaunawa da wata ƙungiya, ya tafi kyauta. Daga nan zaɓi na uku ya shigo, wato tsawaitawa: ƙungiya ta ƙara wa ɗan wasa albashi tun da wuri domin ta sayi ƙarin lokaci.

Darasi biyu daga cikin fili

Masu tsaron cikin fili biyu, waɗanda suke riƙe da gurbi ɗaya a ƙungiyoyi biyu masu gaba da juna, sun nuna fuskokin wannan zaɓi.

A 2001 Yankees ta ba Derek Jeter kwantiragin shekara goma a kan dala miliyan 189. Yana da shekara 26 a lokacin, lafiyarsa lau, kuma ya riga ya ci kofi huɗu da ƙungiyar. Ya zauna har ya yi ritaya a 2014 bai taɓa sanya rigar kowa ba.

Boston kuwa tana da Nomar Garciaparra, wanda ya fi kowa iya bugu a rukuninsu a 1999 da 2000, kuma shi ne abin ƙaunar gari. An yi masa tayin tsawaitawa, ba a daidaita ba. Ya shiga 2004 da ciwon agara, ga shi shekarar ƙarshe ce ta kwantiraginsa. Ranar 31 ga Yuli, ranar rufe kasuwar musaya, babban manajan ƙungiyar Theo Epstein, matashi ɗan shekara 30, ya tura shi Chicago Cubs, ya karɓi mutum biyu da ba su kai shi suna ba amma sun toshe ɓarakar tsaro. Magoya baya suka yi ta Allah wadai. A watan Oktoba na shekarar Boston ta lallasa St. Louis wasa huɗu a jere, ta ɗauki kofin da ta rasa tun 1918.

Gari ɗaya ke nan ya sayar da gwarzonsa sau biyu, sau ɗaya ya yi nadamar shekara 86, sau ɗaya ya ci kofi cikin wata uku. Bambancin yana cikin lissafi. An sayar da Ruth yana ɗan shekara 24, ƙarfinsa yana gaba, kuma kuɗi aka karɓa ba 'yan wasa ba. An saki Garciaparra yana da shekara 31, da rauni a jiki, saura 'yan watanni ya tafi a banza, kuma abin da aka karɓa ya shiga fili nan take.

Kano: wanda ya tafi da wanda ya zauna

An kafa Kano Pillars a 1990, shekarar da Najeriya ta fara gasar ƙwararru. Ta ci gasar ƙasa a karon farko a 2008. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. A wannan yanayi ne wani yaro daga Jos ya iso filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata.

An haifi Ahmed Musa ranar 14 ga Oktoba 1992. Ya taso a makarantar koyon ƙwallo ta GBS, ya buga wa JUTH ta Jos, sannan ya zo Pillars. A kakar 2009 zuwa 2010 ya zura ƙwallo 18, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a kaka guda ta gasar ƙwararru kafin shi, alhali bai cika shekara 18 ba. Kowane mai goyon bayan Sai Masu Gida zai so a riƙe shi. Sai dai a matsayin aro ya zo, kuma zanen aro ba ya rufe katara. A 2010 ya tafi VVV-Venlo ta Holan, inda sai da ya jira ya cika shekara 18 kafin ya fara wasa, saboda dokar FIFA ta hana ƙetarar da yara ƙanana. A Janairun 2012 ya koma CSKA ta Mosko. A Yulin 2016 Leicester City, wadda ta ci gasar Ingila a shekarar, ta saye shi a kan kimanin fam miliyan 16.6, kuɗi mafi yawa da ta taɓa biya a lokacin. Ya ci wa Najeriya ƙwallo biyu a ragar Ajantina a gasar kofin duniya ta 2014, ya sake cin biyu a ragar Iceland a 2018.

Abin lura shi ne tafiyarsa ba ta durƙusar da Pillars ba. Ƙungiyar ta ci gasar ƙasa sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, kuma ta shafe kusan shekara goma sha biyu ba a doke ta a gida a gasar ba, har sai da Nasarawa United ta yi hakan a 2015. An gina wannan zamani ne a kan waɗanda suka zauna: Gambo Mohammed a gaba, Theophilus Afelokhai a raga, da Rabi'u Ali, wanda ake wa laƙabi da Pele, a tsakiya.

Rabi'u Ali shi ne hujjar masu cewa a riƙe. An haife shi a 1980, ya ci kofunan nan uku, ya wakilci Najeriya a gasar 'yan wasan cikin gida ta Afirka a 2014 da 2018, yana nan lokacin da Pillars ta ci kofin ƙalubale a karon farko a 2019 a Kaduna, kuma ya haura ƙwallo 100 a gasar ƙasa. Ya wuce shekara arba'in yana saka rigar ƙungiyar. Lissafin kasuwa zai ce an daɗe da wuce ranar sayar da shi. Amma darajarsa ga Pillars ba a kasuwa take ba: shi ne ke cika fili da 'yan kallo, shi ne yara sababbin zuwa suke koyi da shi, kuma albashinsa bai hana a ɗauko wasu ba. Da tsohuwar zuma ake magani, muddin kuɗin zumar bai cinye na hatsi ba.

Abin da ke hana mu zaɓi

Idan aka dubi labaran nan biyu za a ga cewa a ɗaya Pillars ba ta da ikon yanke hukunci, a ɗayan kuma ƙaunar ɗan wasa ga garinsa ta sauƙaƙa mata. Haka lamarin yake ga yawancin ƙungiyoyin gasar Najeriya, kuma dalilan a fili suke.

Mafi yawansu na gwamnatocin jihohi ne. Pillars ta Kano ce, Katsina United kuma, wadda a da ake kira Spotlights kuma take wasa a filin Muhammadu Dikko, ta jihar Katsina ce. Ƙungiyar gwamnati tana rayuwa ne da kasafin shekara, shugabanninta kuma suna iya sauyawa idan gwamnati ta sauya. Wanda bai san ko zai kai baɗi a kujerarsa ba da wuya ya ƙulla yarjejeniyar shekara huɗu da yaro ɗan shekara sha takwas. Shi ya sa gajeren kwantiragi ya zama ruwan dare a gasar. Ga kuma tsohuwar matsalar bashin albashi da ta daɗe tana addabar gasar, alhali dokar FIFA ta ba ɗan wasan da aka riƙe wa albashin wata biyu damar ba da wa'adi ya kama gabansa. Ƙungiyar da ba ta biya a kan kari ta saki igiyar da hannunta.

Sakamakon shi ne kowace kaka ana rushe gini a sake sabo. Waɗanda suka yi fice suna tafiya Arewacin Afirka ko ƙasashen Larabawa ko ƙananan gasannin Turai a kan kuɗi kaɗan, ribar gaske kuma tana zuwa ne a ciniki na biyu da na uku, lokacin da ƙungiyar gida ta riga ta fita daga lissafi. A 2022 Pillars da Katsina United suka faɗa rukuni na biyu tare, suka kuma dawo tare a 2023. Faɗuwa tana da dalilai da yawa, amma ƙungiyar da ba ta da ginshiƙan da suka san juna ta fi saurin zamewa.

Rabon mai rainon farko

A nan ne maganar ta iso ƙofar Dutsin-Ma da Kurfi. Bayan hukuncin Bosman, FIFA ta fito da sababbin dokoki a 2001 domin kada masu raino su tashi a tutar babu. Ɗaya daga ciki ta ce idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa yana cikin kwantiragi, za a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya cikin ɗari, kowace shekara daga 16 zuwa 23 kuma rabin kashi ɗaya.

A gwada wannan da cinikin Leicester. Kashi 5 cikin 100 na fam miliyan 16.6 shi ne fam 830,000. Shekara guda ta raino a lokacin da yaro yake da shekara 17 ta kai fam 83,000 bisa ƙa'idar, daga ciniki ɗaya tak. Ga ƙungiyar unguwa da ke karo-karon kuɗin ƙwallo da riguna, ko rabin wannan ya isa ya sauya mata rayuwa.

Sai dai kuɗin yana bin rajista ne. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Faris da ke biyan irin wannan haƙƙi ta hanyar duba tarihin rajistar ɗan wasa a kwamfuta. Ƙungiyar da ba ta da rajista da hukumar ƙwallo, ko wadda ba ta shigar da sunan yaranta ba, ba ta cikin wannan tarihi, ko da ita ce ta koya wa yaro ɗaure takalmi. Kocin da ya yi shekara biyar yana tara yara da yamma a Kurfi, sannan wani dillali ya ɗauke mafi hazaƙarsu ya yi masa rajista da sunan wata makaranta a Abuja ko Legas, ya yi wa wani noma ne.

Al'adarmu ta san wannan haƙƙi tun kafin FIFA. Maigidan da ya koya wa yaro ɗinki ko ƙira ko fatauci ba ya riƙe shi har abada. Yakan yaye shi idan lokaci ya yi, yaron kuma ba ya manta ƙofar gidan da ya tashi. Abin da dokar zamani ta ƙara shi ne ta mayar da wannan alheri haƙƙi, da sharaɗin a rubuta.

To, a riƙe ko a sayar?

Tarihin nan ya ba da ma'auni mai sauƙin faɗi. Matashin da ya nuna alama, a tsawaita masa tun kafin ya yi suna, a ƙara masa albashi gwargwadon aikinsa, domin a lokacin ne tsawaitawa take da araha kuma take da amfani ga ɓangarorin biyu. Idan tayi mai kyau ya zo daga waje, a sake shi, tunda babu ƙungiyar gida da za ta iya biyan abin da Turai take biya, kuma tsare shi zalunci ne irin wanda Flood da Bosman suka yaƙa. Amma a rubuta a takardar cinikin cewa ƙungiya tana da kaso a duk sayarwar gaba, kuma kuɗin da aka karɓa ya koma fili da makarantar yara. Dattijon da yake riƙe da ɗakin sauya kaya, a riƙe shi shekara-shekara muddin ƙafarsa tana ɗaukarsa. Wanda kwantiraginsa ya kusa ƙarewa kuma ya ƙi sabuntawa, a sayar tun ana tayawa. Duk wannan kuwa ba zai yiwu ba sai ƙungiya tana biyan albashi a kan lokaci, tana kuma da shugabancin da zai zauna ya ga ƙarshen yarjejeniyar da ya ƙulla.

Ahmed Musa ya dawo Pillars na 'yan watanni a 2021, ya sake dawowa a 2024, kuma a 2025 gwamnatin Kano ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Mutumin da ya zo aro yana yaro, aka yi cinikinsa a Holan da Rasha da Ingila da Saudiyya, ya hau kujerar da ake yanke hukuncin wa za a riƙe, wa za a saki. Kaɗan ne a Najeriya suka san darajar shekarun da ke cikin takarda kamarsa. Ma'aunin da ya dace a auna shugabannin Pillars da na Katsina United da shi shi ne tsawon kwantiragin da suke ba yaransu masu tasowa, da kuma ko akwai kason gaba a rubuce ranar da ɗayansu zai hau jirgi.